Washegari Kwana Biyar Ce

Lahadi, 3 ga wata, ƙarfe biyar da kwata na yamma

Na juya littafin nan ne na fara daga baya. Gabansa na Malama ne, matata: nauyinta na kowace safiya, ƙwayoyin da ta sha, ko ƙafa ta kumbura ko ba ta kumbura ba. Likitan zuciya ya ce in riƙa rubutawa, shekara huɗu ke nan ban tsallake rana ɗaya ba. Bayan littafin babu mai dubawa.

Yau ya huje.

Yaran suna gidan kakarsu tun safe, mu biyu ne a gidan. Wajen ƙarfe uku na shiga banɗaki na yi abin da na saba. Ni mai faci ne, shekara ashirin da biyu ina tsoma tif ɗin mutane a baho ina neman kumfa. Hannu ya riga ya saba, ko kwaroron roba ba na jefarwa sai na tara masa ruwan famfo na ɗaga na duba. Malama ta sha yi mini tsiya a kan wannan, wai Injiniya ko a ɗaki yana bakin aiki. Shekara huɗu ina dubawa, ko ɗigo ban taɓa gani ba. Yau da na ɗaga sai ga wani siririn ruwa yana tsartuwa daga can wajen kan, yana sauka a kan babban yatsan ƙafata. Na tsaya ina kallo har ya tsiyaye tas.

Ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Injiniya, lafiya? Ka daɗe."

Na ce, "Lafiya lau."

Lahadi, ƙarfe bakwai da rabi

Yaran sun dawo. Auta ta haye cinyar uwarta tana ba ta labarin kyanwar kakarta. Ni kuwa na ture kwanon abincina gefe.

Haihuwar Auta ce ta taɓa mata zuciya. Kwana goma sha ɗaya tana asibiti da robar iska a hanci, ba ta iya kwanciya sai an jera mata filo uku. Ranar sallama likitan ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta saki, ba ta tura jini yadda ya kamata. Ya ce wannan karon ta tsira, amma wani cikin ba zai yi mini alkawarin komai ba. Ya kuma ce a guji tayar mata da hankali. To yanzu wanne zan bi?

Ƙwayar tsarin iyali ta kullum an hana ta saboda zuciyar. Allura ta gwada, wata uku jini bai tsaya ba. Da aka yi mata maganar robar mahaifa sai ta ƙi ƙememe, don gwaggonta ta gaya mata wai robar tana tafiya cikin jiki har ta kai zuciya. Ta ce zuciyar da take aiki da ƙyar ce kuma za a tura wa baƙo? Ni na buga ƙirji na ce ta bar mini, ai roba sana'ata ce. Da bakina na faɗa, har ina dariya.

Na tuna wani direban tanka da ya taɓa zama a bencin shagona, yana cika baki da sanin duniya. Ya ce akwai ƙwayar washegari, in an yi kuskure ana sha washegari da safe, shi ke nan. Gobe da sassafe zan je kemis.

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya saura

58.4. Ƙafa ba kumburi. Na rubuta a gaba da hannun nan, ban ce mata komai ba.

Bakwai da rabi ina ƙofar kemis na kan kwana. Duk hanya ina bitar abin da zan ce. Na manta da cewa mai kemis ɗin ɗalibar Malama ce tun tana aji uku na firamare, a gabana ta girma. Ina shiga ta miƙe, ta ce, "Baba, ina kwana, ya jikin Malama?" Ga kuma maƙwabcinmu kafinta a kan kujera, ya naɗe hannun riga ana auna masa hawan jini, ya ɗago yana tambayata ko na samo masa bawul ɗin babur ɗinsa. Ta ce me za a ba ni. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, abin da ya fito shi ne alewar tari.

Ta ba ni fakiti guda. Har da cewa in rage shan ruwan sanyi.

Na ce to bari in tsallaka wancan kemis na bayan shataletale, inda ba a san ni ba. A rufe, sai goma. Na dawo shago in jira, sai ga motar ɗaukar yara 'yan makaranta da tayoyi biyu a sace, direban kamar zai yi kuka. Na sa jak, na kwance, na liƙa, na hura. Da na ɗaga kai rana ta take. Na ruga da baƙin mai a hannu, na isa ƙofar kemis ɗin, na duba agogo: sha biyu da minti goma. Na tsaya a kan matakala. Safiya ta wuce. Mutumin ciki yana kallona ta gilashi, ni ina kallonsa, sai na juya.

Kuma ko da na saya, ta yaya zan ba ta ban faɗa ba? Wannan ban yi tunaninsa ba sai yanzu.

Litinin, ƙarfe shida

Washegari ta wuce. Babu sauran amfanin faɗa mata, sai dai in tsorata ta a banza.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe huɗu

58.3.

Na ba wani mai tasi tayarsa ban ɗaure bawul ba. Ko kwana bai sha ba ta zauna. Ya dawo a ƙafa yana gangaro ta, ya ce shekara tara yana zuwa wurina bai taɓa ganin haka ba, ko lafiya? Na ce lafiya lau.

Malama ta tsinci alewar a aljihun rigata za ta yi wanki. Ta ce tun yaushe nake tari ita ba ta ji ba? Dole na ƙaƙalo tari biyu. Ta dafa mini ruwan zafi da lemon tsami, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Ita da ake jinya ita ke jinyata, a kan tarin ƙarya.

Ɗazu tana guga tana 'yar waƙa, na kama kaina ina kallon cikinta. Kwana biyu! Me zan gani a kwana biyu? Amma na kasa ɗauke ido. Ta ce yau kuma kallon na mene ne, ba a saba ganinta ba ne? Na ce rigar ce ta yi mata kyau. Rigar wanki ce, har da yagewa a hammata.

Tsoro nake ji ta mutu. Na rubuta.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe sha biyu saura kwata

A gurguje nake, a yi haƙuri da rubutun.

Wajen sha ɗaya wata mata ta tsaya da ƙaramar mota shuɗiya, ƙusa ta shige tayar baya. Farin takalmi, kati rataye a wuya, na karanta: ungozoma. Babbar mace ce, da furfura a gaban goshi. Ta zauna a benci tana cin ayaba, ni ina tsoma tif a baho. Ban ɗago ba na ce ina da wani aboki, irin wannan tsautsayi ya same shi da iyalinsa, kuma ya makara, ƙwayar washegari ta wuce shi.

Ta ce yaushe abin ya faru. Na ce Lahadi, ƙarfe uku na rana. Ta ce abokin nan nawa lallai yana ba ni labari dalla-dalla. Sannan ta lanƙwasa yatsu tana ƙirge, ta ce, "Awa sittin da takwas. Wa ya ce masa ya makara?"

Na ce ai sunan ke nan, washegari.

Ta ajiye ɓawon ayabar. Ta ce sunan nan ya cuci mutane da yawa. Ba safiya ake nufi ba, ana nufin a yi sauri. Ta ce hanya uku ce. Akwai ƙwaya ta farko, ita ce a kowane kemis, ta fi aiki cikin kwana uku, bayan nan ƙarfinta raguwa yake. Akwai ƙwaya ta biyu da ke kaiwa kwana biyar. Dukkansu jinkirta fitar ƙwan mace suke yi, ba zubar da ciki ba, shi ya sa in ƙwan ya riga ya fito ba lallai su yi aiki ba. Sai ta uku, robar mahaifa mai jan ƙarfe, in an sa cikin kwana biyar ita ta fi duka tabbas, kuma ta zauna tana aiki shekaru. Na ce wadda ke tafiya zuciya? Ta yi tsaki. Ta ce shekara ashirin da shida tana sa wa mata, babu hanya daga can zuwa can, ai ba titi ba ne.

Tif ɗin yana ta kumfa a hannuna ban gani ba, ita ta nuna mini.

Sai na yi tambayar da nake jin kunyar rubutawa. Na ce in abokin ya sayi ta farkon ya niƙa a shayi fa, don matar tana da ciwon zuciya, ba a so hankalinta ya tashi?

Ta ce, "Malam, ka ce wa abokinka jikinta ne, ba tayar motarsa ba. Mai ciwon zuciya kuma ba a ba ta komai a ɓoye, sai likitanta ya ji. Ya kai ta asibiti yau. In ya kasa faɗa, ya kai ta ni in faɗa."

Ina rufe shago yanzu. Awa uku da kwata suka rage wa ta farkon.

Laraba, ƙarfe uku da minti biyar

Na tarar da surukata a gida. Ta zo wuni, da jakarta, za ta kwana. Sun shimfiɗa tabarma a falo suna tsintar tsoffin kayan Auta da za a bayar. Na gaishe ta, na ce wa Malama ta zo ɗaki ina da magana. Uwar ta ce a'a, kai ma zauna ka ci abinci, maganar ba za ta gudu ba. Na zauna. Ni ɗan shekara arba'in da shida, na zauna na ci abinci ina kallon agogon bango.

Uku ta buga ina da cokali a hannu.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe bakwai saura na safe

Na faɗa.

Ƙarfe shida ta hau sikeli yadda ta saba, ni na durƙusa in karanta lamba in danna idon sawunta in ga ko yatsa zai lotsa. 58.5. Ina durƙushe, ban ɗago ba, na gaya wa ƙafafunta. Na faɗi na Lahadi. Na faɗi alewar tari. Na faɗi ungozoma da hanyoyi uku. Na ce awa tamanin da tara ke nan, saura har gobe Juma'a ƙarfe uku.

Na zaci za ta yi ihu, ko ta dafe ƙirji ta faɗi, har na shirya tare ta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Lambar sikelin ce kawai na ga tana hawa tana sauka. Ta sauko a hankali, ta zauna a bakin gado, ta ce in sake faɗin ranar. Na ce Lahadi.

Ta ce, "Ranar da na ƙwanƙwasa maka ƙofa."

Na ce eh.

Ta ce, "Kwana huɗu kana auna ni kana rubutawa. Ka san nauyina har ɗigo, ni ban san abin da ke cikin jikina ba."

Na ce likita ne ya ce kada a tayar mata da hankali. Ta ce likita bai ce a mayar da ita kujera ba. Muryarta ƙasa-ƙasa don uwarta na falo. Ta ɗauki mayafi, ta zuba ƙwayoyinta duka a jaka, ta ce wa uwar yau ranar ganin likita ce ta manta. Daga yau, in ji ta, ita za ta riƙa hawa sikeli ta rubuta da kanta.

Tana sa takalmi. Za mu fita.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Sashen tsarin iyali yana ƙarshen baranda, bayan ɗakin ɗaukar jini. Benci biyu, mata cike, ni kaɗai namiji, na rasa inda zan ajiye idona. Malama ta je tebur ta yi magana da nas ƙasa-ƙasa, na ga nas ɗin ta dubi agogo, ta tsallake da ita layi. Na ji tana kiran likitan zuciya a waya. Na miƙe zan bi su ciki, Malama ta juyo ta ce in zauna.

Na zauna. A bangon da ke gabana akwai wata babbar fosta, ta ɗan koɗe. Hoton ƙwaya, kwana uku. Hoton wata ƙwayar, kwana biyar. Hoton 'yar roba mai kama da ƙaramar sifana, kwana biyar. An rubuta da manyan baƙaƙe, yaro ma zai karanta. Ta wannan baranda muke bi zuwa wurin likitan zuciya duk bayan wata uku. Sau nawa na wuce ta? Na ƙirga, sau goma sha shida. Ni da na ɗauki ilimi a bakin direban tanka.

Likitan zuciyar ya zo da kansa, ya wuce ni da sauri, bai gane ni ba. Awa biyu da rabi suna ciki. Na shanye alewar tari huɗu ina jira.

Ta fito tana tafiya a hankali, da wani kati a ninke a hannu, ta tura shi cikin jaka. Na ce me aka yi, ƙwayar ce ko robar? Me likita ya ce?

Ta ce, "Lafiya lau."



Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe uku

Awa ɗari da ashirin sun cika. Na kashe injin iska na zauna, ban san me nake jira ba.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe tara na safe

Tana hawa sikeli ita kaɗai, ƙofa a rufe. Ta rubuta, ta ajiye littafin a kan firij. In ta shiga kicin sai in ɗauka in duba, in taho da shi shago, in mayar da yamma. Labarin matata ke nan da nake samu yanzu: 58.2. 58.4. 58.4. Rubutunta ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba.

Tana gaishe ni. Tana zuba mini abinci. A gaban yara har "Babansu" take cewa. Injiniya ne ban sake ji ba tun Alhamis, kuma ban san kalma ɗaya tana da nauyi haka ba.

Na laluba kwandon shara ko zan ga kwalin ƙwaya. Babu. Jakar ban taɓa ba. Na tsaya a gabanta sau biyu, amma ban taɓa ba.

In lissafina daidai ne, baƙonta na wata zai zo Lahadi, 17.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe goma da rabi

Innalillahi.

Na buɗe bayan littafin zan yi rubutu sai na ga jan biro. Jan biron da take yi wa yara maki da shi a makaranta. Ta karanta. Duka ta karanta, tun daga Lahadin farko, kuma ta yi makin.

Duk inda na rubuta "lafiya lau" ta ja layi a ƙarƙashi, har na mai tasi. Inda na ce awa tamanin da tara ta soke ta rubuta 87, da "koma ka ƙirga". Na ƙirga, ita ce da gaskiya. Inda na rubuta bayan littafin babu mai dubawa ta sa alamar tambaya. A gefen maganar niƙa ƙwaya a shayi ta rubuta: "Da ka yi, da ka dawo ka tarar ba na gidan." Ta danna biron har ya fito ta ɗaya shafin.

Wurin da na ce tsoro nake ji ta mutu, ba ta rubuta komai ba. Alamar daidai kawai ta sa, 'yar ƙarama.

Wani ya kawo tayar babur ya tsaya yana ta sallama, sai da ya taɓa kafaɗata na ji shi.

Alhamis, ƙarfe biyar

Malama, tunda kina karantawa. Ba don zuciyarki kaɗai na yi shiru ba. Ni na ce ki bar mini, sai ga shi a hannuna abin ya lalace, na ji kunya. Na fake da likita ne. Wannan ce gaskiyar, ki yi mata maki yadda kika ga dama.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Shiru, baƙon bai zo ba.

Ta yi salla duka biyar ɗin jiya, ta yi na yau. Ban taɓa zaton zan zauna ina ƙirga sallar matata da faɗuwar gaba ba.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe takwas na safe

58.9. Rabin kilo. Ruwa ne? Gishiri ne? Ko kuwa?

Babu jan biro tun ranar.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe ɗaya

Ungozomar ta tsaya a duba mata iska. Ta ce ya abokina. Na ce ya faɗa, an je asibiti ranar ta huɗu, amma matar ta ƙi gaya masa abin da ta zaɓa, kuma yau kwana uku baƙon bai zo ba. Ta ce ƙwayar kan jinkirta shi 'yan kwanaki, tashin hankali ma kan jinkirta shi. In ya wuce mako bai zo ba, ko an cika mako uku daga ranar, a yi gwajin fitsari. Na ce in gwajin ya nuna fa? Ta ce to sai a koma wurin likitan zuciya a ranar, ba washegari ba, kuma shi da matar tare za su shiga.

Da za ta tafi ta leƙo ta taga ta ce matar abokina ta burge ta.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe huɗu

Kwana biyar. Auta ta tambaye ni me ya sa ba na tari yanzu. Babbar 'yarmu kuwa kallonmu kawai take yi, ta kwashe kwanuka ta fita.

Na share shagon yau har ƙarƙashin benci. Na wanke bahon. Babu abin da ya rage in yi.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na ɗauko littafin daga kan firij. A gaba 58.3. Na juya baya. Ga abin da na tarar da jan biro, na kwafe shi nan da nawa hannun don in tabbatar na karanta daidai:

"Ya zo jiya da rana, sosai. Na bar ka ka kwana ɗaya ba ka sani ba. Kai huɗu ka yi mini.

Robar na zaɓa. Na ji tsoro ƙwarai, nas ta riƙe mini hannu, likita yana kallon bugun zuciyata. Kai ya kamata ka riƙe, amma ranar ba na son ganin hannunka. Ba ta je zuciya ba, tana nan inda aka ajiye ta. Ka daina ɓarnar ruwa a banɗaki.

Audugata ta ƙare. Ka je kemis na kan kwana, ba na bayan shataletale ba. Ka faɗi sunan abin da bakinka.

Ka ji, Injiniya."

Na zauna a ƙasan kicin na jingina da firij. Tana tsaye tana juya mini baya tana yanka albasa. Ni ban yanka komai ba, amma ni na fi ta hawaye.

Asabar, ƙarfe takwas da kwata

Kemis ɗin a cike. Kafinta yana nan a kujerarsa da hannun riga a naɗe, da wasu mata biyu, da wani tsoho mai sanda. Mai kemis ta miƙe ta ce, "Baba, ina kwana, ya tarin?"

Na ce ban taɓa yin tari ba. Na ce audugar mata nake so, ta Malama, babban fakiti. Ashe da ƙarfi na faɗa, har tsohon ya juyo. Kafinta ya sunkuyar da kai yana kallon igiyar awon jininsa.

Ta ɗauko ba ta ko yi murmushi ba, ta fara neman baƙar leda za ta ƙunshe. Na ce ta bar shi haka. Ta ce ya jikin Malama.

Na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai na tsaya. Na ce bari in je gida in tambaye ta.